Sanarwa kan aikin rani

Assalamu alaikum ƴan uwa manoma. An gama girbin gero, wake ma ya kusa shiga rumbu, kuma kowa ya san abin da ƙaramar gona ke bayarwa ba ya kai gida har wata damina. Saboda haka za mu zauna ranar Juma'a bayan La'asar, a ƙofar gidan mai unguwa, kan wanda zai tafi cin rani da wanda zai zauna.

Masu niyyar Legas, Ibadan ko Abuja, don dako, ga-ruwa ko kabu-kabu, ku rubuta sunayenku a nan. Kada yaro ya kama hanya bai san wurin wanda zai sauka ba, balle ga yanayin tsaro.

Amma a ganina ba dole sai an yi nisa ba. Fadamun Goronyo da Wurno na neman ƴan ƙwadago lokacin dashen albasa da shinkafa, ga gini a cikin gari, ga jima da dukanci. Mata masu ƙuli-ƙuli da kiwon awaki, a turo wakiliya, akwai maganar adashi.

Don Allah kada a sayar da hatsi don kuɗin mota kafin zaman.