Kwamfuta Ta Ƙara Gudu, Amma Ta Yi Shiru: Ƙorafi Ga Kamfanin Da Ke Sabunta Wa Masu Larurar Gani Kwamfutoci

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne game da aikin sabunta kwamfuta da kamfaninku ke tallata wa masu larurar gani, tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ba mu da ja a kan kayan da kuke sakawa. A cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya mai sauri, a ɗaga ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, daga gig 4 zuwa 8 ko 16, duk daidai ne, domin idan ram ya yi kaɗan manhajar karanta sikirin jan ƙafa take yi, mutum ya danna maɓalli ya tsaya jiran jin abin da ya danna. Matsalar ita ce ma'aikatanku da ido suke gwaji. Da sikirin ya kawo haske sai a ce aiki ya kammala, a yanki rasit. Mai kwamfutar kuwa da kunne yake aiki, sai ya isa gida ya kunna ya ji tsit.

Ga inda ɓarnar take farawa. Kuna goge komai ku ɗora Windows 11 sabo fil, sai NVDA ko JAWS, manhajojin da ke karanta wa mai larurar gani abin da ke sikirin, su tafi tare da saitinsu. NVDA kyauta ce, sake ɗora ta aikin 'yan mintoci ne, amma saitin ba ya dawowa da kansa: saurin murya, ƙarin manhajojin da mutum ya saka, da ƙamus ɗin furuci da ya daɗe yana ginawa don muryar Turanci ta daina kwaɓa sunaye da kalmomin Hausa masu ƙ, ɗ da ɓ. Duk wannan yana cikin jakar nvda da ke cikin jakar AppData ta Windows. Kwafe ta a filashi kafin gogewa bai kai wahalar kwance noti ɗaya ba. Bayan an mayar, sai a shiga saitin NVDA a kunna zaɓin da ke sa ta yi magana tun a shafin kalmar sirri. In ba haka ba, mutum zai yi ta rubuta kalmar sirrinsa bai san ko ta shiga ba.

Na JAWS ya fi ciwo, don kuɗi ne. Lasisinta a ɗaure yake da na'urar da aka kunna shi a kai, kuma adadin kunnawar ƙayyadadde ne. Idan aka canza kayan ciki ko aka goge Windows ba tare da an tanadi lambar lasisin ba, sai ta koma yanayin gwaji: ta yi magana minti 40, sannan sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa. Maganin da wasu yaranku ke bayarwa, wato ɗora ta sata, ba magani ba ne. Sabuntawar Windows ɗaya na iya kashe ta, ga ƙwayoyin cutar da take zuwa da su. Haka lasisin manhajar Duxbury yake ga masu buga rubutun makafi, ana sauke shi daga tsohuwar na'ura kafin a taɓa ta.

Sai sauti. A kwamfutocin hannu da yawa, direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa sautin na'urar, kan yi barci don tattalin batir, kuma manhajojin ƙawata sauti da masana'anta ke sakawa kan jinkirta murya. Mai kallon fim ba zai lura ba. Amma manhajar karatu gajerun kalmomi take furtawa, sai a yanke mata gaɓar farko, “Kano” ta fito “no”. A kashe ƙawatar a saitin sauti, a gwada da sifika, a gwada da abin kunne, a zare shi a ji ko muryar ta koma sifika. Narrator, manhajar karanta sikirin da ke zuwa da Windows, da ake tayarwa da Ctrl da Windows da Enter, shi ne abin dogaro idan komai ya tsaya, amma shi ma ba ya aiki in babu direban sauti.

Kibod ma kun mayar da shi ƙaramin abu. NVDA da JAWS duka sun dogara da maɓallin Insert, kuma ƙananan kwamfutocin da kuke bayarwa a musanya wasu ba su da shi a fili, sai an haɗa da Fn. A irinsu Caps Lock ake saitawa ya tsaya a madadinsa. Maɓallan F1 zuwa F12 kuma suna zuwa a saitin haske da ƙarar sauti, sai mutum ya danna Insert da F7 yana neman jerin mahaɗan shafi ya ji shiru, ko ma ya taɓa wanda ke kashe sautin gaba ɗaya. Sau da yawa gyaran a cikin BIOS yake, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, BIOS kuwa ba ya magana. Aikinku ne, ba na mai kaya ba.

Irin wannan shirun ne da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. Sababbin fitowar Windows 11 na iya kulle faifai da kansu, kuma ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, a shuɗin sikirin marar murya za ta nema. Ba ku faɗa wa kowa an kulle ba, balle inda mabuɗin yake. Sannan kuna tilasta Windows 11 a kan na'urorin da ba su da guntun tsaro na TPM 2.0 ko waɗanda injinsu bai kai Intel zubi na 8 ba, alhali Microsoft ta ce ba ta lamunce musu sabuntawa ba. Ku riƙa faɗa wa mai kaya gaskiya ya zaɓa.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 tana nan, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ma tana nan, sai dai mun fi so a gama a tsakaninmu. Muna neman ku karɓi kwamfutocin da kuka riga kuka taɓa ku gyara kyauta, ku biya lasisin duk wanda nasa ya salwanta a hannunku. Daga yanzu kuma kada na'ura ta bar shagonku sai an rufe sikirin, mai ita ya kunna da kansa, ya shiga da kalmar sirrinsa, ya buɗe Word ya rubuta layi ɗaya ya ji an karanta masa. Rasit da takardar garanti ku turo su a rubutun da manhaja ke iya karantawa, ku daina turo hotonsu ta WhatsApp.

Muna jiran amsarku a rubuce cikin mako biyu.

Mun gode. Wassalam.

Daga wasu malamai masu koyar da kwamfuta ga masu larurar gani, Kano.