Ba kowane maimaici ne wanki ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ya tsaya mini a rai.

Tun ina saurayi nake bin finafinan talabijin masu dogon zango, musamman ƙagaggun labaran kimiyya masu kumbo da butum-butumi da yawo tsakanin taurari, da kuma na almara masu dodanni da sarakuna da tsafi. Yau furfura ta fito amma ban daina ba, har na sami abokan hira: ɗan ƙanwata da abokansa. Akwai kalma ɗaya da ba ta barin bakin yaran nan, wato wanki. Da an ce za a sake yin wani tsohon shiri, tun ba su ga ko kashi na farko ba sai su yanke hukunci: "Kawu, wanki ne, basirarsu ta ƙare." Makon jiya mun fi awa biyu a kan wannan gardama, aka tashi ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ba na ganin laifinsu sosai, domin ni ma na taɓa yin irin wannan ihun, kuma na san abin da ya sa na daina.

A 1978 tashar ABC ta Amurka ta fara nuna Battlestar Galactica, labarin ragowar 'yan Adam da suka tsere cikin ayarin jiragen sararin samaniya bayan abokan gaba sun ƙone duniyoyinsu goma sha biyu, suna neman wata duniya da suka ji labarinta a bakin kakanni. Zango ɗaya ya yi aka dakatar da shi. Ni a kaset na gan shi bayan shekaru, na kuma so shi ƙwarai, musamman matuƙin nan Starbuck, ɗan caca mai baki. Da aka ce a 2003 an sake yin shirin, kuma Starbuck ya koma mace, raina ya ɓaci. Ba ni kaɗai ba ne. Tsofaffin masu kallo sun ce suna kawai aka ɗauka, kuma Dirk Benedict da ya fito a Starbuck na farko har maƙala ya rubuta yana suka. Na yi kusan shekara uku na ƙi kallo.

Ranar da na zauna na kalla, sai na ga Ronald D. Moore, wanda ya tsara sabon shirin, ƙashin labarin kawai ya ɗauka, tsokar tasa ce. A tsohon, abokan gaban ƙarafuna ne masu ƙyalli da wata halitta ta daban ta ƙera, ana ganinsu an san maƙiyi. A sabon, 'yan Adam ne suka ƙera su da hannunsu, kuma wasunsu sun zama da jini da tsoka, ba a bambanta su da mutane, har akwai wadda ba ta ma san cewa ita ce maƙiyin da ake nema ba. An yi wannan shekara biyu bayan harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da mutanen Amurka ke kallon maƙwabcinsu da zargi. Shugabar ƙasar da ke cikin shirin ma ministar ilimi ce, ta 43 a jerin masu gadon mulki, wadda likita ya gaya mata tana da ciwon daji a ranar da duniyarta ta ƙone. Ta ajiye farin allo a ofishinta tana rubuta adadin mutanen da suka rage, wajen dubu 50, kullum tana gogewa tana ragewa. A zango na uku, a 2006, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, shirin ya sa jarumansa a ƙarƙashin mamaya, ya nuna wasunsu suna kai harin ƙunar baƙin wake, ya bar mai kallo da tambayar da ba ta da daɗin amsawa. Malam Edita, wanda basirarsa ta ƙare ba zai iya wannan ba. Tsohon shirin bai taɓa hana ni barci ba, wannan kuwa ya hana.

Shi kansa na 1978 ɗin da muke kira na asali, a shekarar da ya fito kamfanin 20th Century Fox ya maka kamfanin Universal da ya shirya shi a kotu, wai an kwaikwayi Star Wars na 1977. George Lucas kuwa, wanda ya yi Star Wars ɗin, da bakinsa ya faɗa cewa dabarar ba da labari ta idon wasu ƙananan mutane biyu daga wani fim na Akira Kurosawa na 1958 ya samo ta. Duk inda ka sa yatsa ka ce ga mafari, za ka tarar da sawun wani a gabansa. J. R. R. Tolkien da masu son almara ke ɗauka a matsayin uba, sunan matsafin labarinsa Gandalf da na wadanninsa daga wata tsohuwar waƙar mutanen Ayislan ya tsamo su. Mu ma Magana Jari Ce da muka tashi da shi, masana sun daɗe da nuna cewa Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, amma wa zai karanta shi ya ce ba Hausa ce ke magana ba?

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce Game of Thrones, domin shi ne yaran nan suka fi sani. George R. R. Martin, marubucin littattafan da aka ɗauko shirin daga cikinsu, bai ɓoye ba cewa rikicin gidajen sarautarsa daga yaƙin basasar Ingila na ƙarni na 15 ya taso, tsakanin gidan Lancaster da na York. Kisan gillar da aka yi a wurin ɗaurin aure, wanda ya sa mutane kuka a 2013, ya ce daga abubuwa biyu na tarihin Sikotilan ya haɗa shi: liyafar 1440 da aka gayyaci wasu samari biyu 'yan sarauta aka kashe su, da kisan Glencoe na 1692 inda sojoji suka hallaka waɗanda suka sauke su. Wato shirin aro ne daga littafi, littafin aro ne daga tarihi, kuma a lokacin ne ya fi daɗi. Littafi na biyar ya fito a 2011, na shida bai zo ba, masu shirin suka wuce littattafan suka koma ƙirƙira da kansu. Zangon ƙarshe na 2019 shi ne wanda ba a kwafo shi daga ko'ina ba, kuma shi ne mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake yi. Da sabunta kaɗai ke sa labari ya yi kyau, da wannan zangon aka fi yabo.

Ba ina cewa babu wanki ba. Akwai shi, kuma yana ƙona mini rai fiye da yadda yake ƙona na yaran. Kamfani ya duba rumbunsa ya ga yana da mallakar wani tsohon suna da mutane ke so, sai ya ɗauko shi don ya san sunan zai jawo masu kallo ko da babu labari. Ana gane irin wannan da wuri: a dawo da tsohon kiɗa, a sa tsohon jarumi ya leƙo na minti biyu, a maimaita wata magana da aka sani don a ji tafi. Idan an gama, ka tambayi kanka me ya sa aka ba da labarin nan yanzu, ka rasa amsa. Wannan tambayar nake so matasanmu su riƙa yi bayan sun kalla. Abin da nake ƙi shi ne hukunci kafin shari'a, a ga hoton talla kawai a ce an gama magana.

Bayan gardamar makon jiya na ba ɗan ƙanwata kashi ɗaya na sabon Galactica, wanda aka sa wa suna 33, inda abokan gaba ke cim ma ayarin duk bayan minti 33, mutane sun kwana biyar ba barci, har aka tilasta wa matuƙa su harbo jirgin fasinja nasu da ya tashi da mutum 1,345 saboda ana zargin maƙiya sun karɓe shi. Kashin ya ci kyautar Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, a 2005. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare yaron ya kira ni. Bai ce ya yarda da ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Abin da ya ce shi ne wurin da aka zo aka gaya wa shugabar an haifi jariri, ta tashi ta goge allon ta ƙara ɗaya, ya maimaita shi sau uku. Sannan ya ce, "Kawu, sauran suna wurinka?"

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum