A fito mana da fim ɗin Shaihu Umar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai albarka in yi kira ga Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos ta fito mana da fim ɗin Shaihu Umar.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba fim kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara nuna shi. Bayan nan ya zama na kowa: a haska, a kwafa, ba sai an nemi izini ba. Amurka shekara 95 take ba tsofaffin finafinanta, Indiya kuma 60. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya na 1976 ne, in aka ƙirga daga nan wa'adinsa ƙarshen 2026 ke nan. Littafin da aka ɗauko labarin kuwa lissafinsa daban, shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya rubuta littafin, ya rasu a 1966, don haka mai son sake shirya labarin kafin ƙarshen 2036 dole ya nemi masu haƙƙi.

To amma ina fim ɗin yake? Na karantar da littafin nan a aji shekara da shekaru, ɗalibaina ba wanda ya taɓa ganin hotonsa yana motsi. Na je wajen yaran da ke tura finafinai a waya a Ƙofar Ƙaura, wani ya duba kwamfutarsa kaf, ya ce, "Baba, wallahi ban ma taɓa jin sunansa ba." Alhali an gano faifansa, an gyara shi tare da Jamusawa, har an haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Turawa sun zauna sun kalla, jikokinmu a Katsina ba su gani ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Su ma yaran nan a wayar musu da kai, don a ganinsu duk abin da ya tsufa ba shi da mai shi. Waƙoƙin Mamman Shata, da ya rasu a 1999, suna da sauran kariya har ƙarshen 2069, kuma iyalinsa suna nan da ransu.

Roƙona shi ne hukumar ta ba ɗakin karatu na jiha da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua kwafi mai kyau, ta sa wani a intanet, a kuma kafa majigi a filin Kangiwa a nuna wa jama'a kyauta.

Naka,
Tsohon malamin Hausa,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.