Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhajin Da Ya Ce Aikinmu Hira Ce

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron Hausawan Agege ka miƙe gaban jama'a ka tambaya: tara masu shan ais (wato metamfetamin) a ɗaki guda suna hira, magani ne ko makarantar koya wa juna shaye-shaye? Ka ƙara da cewa ba a san nawa ake ba mu ba. Zancen kuɗi na bar ka da Allah.

Ranka ya daɗe, har yau babu ƙwaya ko allurar da hukumomin lafiya suka amince tana yanke jarabar metamfetamin, irin yadda ake ba masu shan heroyin metadon. Gyaran tunani da ɗabi'a ne ya rage. Tsarin Matrix da muke bi, wanda aka fara a Kalifoniya cikin shekarun 1980, makonni 16 yake ɗauka, kuma zaman rukuni ne ginshiƙinsa: mutum 8 zuwa 12, awa ɗaya da rabi, sau biyu ko uku a mako, da ƙwararre mai jagora.

Ba kowa ake zaunarwa kai tsaye ba. Wanda ke jin muryoyi ko yake ganin ana bin sa, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba zai fara zuwa. Wanda ya daina a makon nan, barci da yunwa da baƙin ciki ne ke danne shi, wani har tunanin kashe kansa, don haka likita ne farko.

Tsoronka na koya wa juna, ai saboda shi aka kafa doka. Ba a shigowa a buge. Ba a ambaton dila, ko farashi, ko kwatanta daɗin abin. Mai jagora zai katse mutum nan take. Ana gwajin fitsari kowane mako ba tare da an faɗi rana ba, domin bayan kwana uku ko huɗu ais ba ya nunawa. Kowa na rubuta jadawalin sa'o'insa har zama na gaba, ya kuma gano abin da ke tayar masa da jaraba: kuɗi a aljihu ranar biya, sauke kayan dare a Mile 12, layin tankoki a Apapa, kiran tsohon aboki. Jarabar kan taso ta lafa cikin kamar rabin awa, shi ya sa kowa ke da lambar wanda zai kira kafin ta lafa. An ware maza ne saboda ais na ɗaure da sha'awa, kuma babu saurayin da zai faɗi wannan gaban mahaifinsa. Zai iya yi wa likita ƙarya, amma ba ya ruɗin wanda ya sha abin da ya sha.

Inda ake faɗuwa shi ne daga mako na shida zuwa wata na huɗu. Ƙwaƙwalwa ba ta gama farfaɗowa ba, komai ya zama salam, ga fushi ba dalili. A daidai lokacin ne gida ke cewa ya warke tunda ya yi ƙiba, a daina ba shi kuɗin mota, ko a damƙa masa jari a hannu, ko a ce aure ne magani. Wanda ya koma sha ba a korarsa, ana bin sawun yadda aka yi ne. Mai kawo kaya shi ake kora.

Tun 2011 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta gano wurin dafa wannan guba na farko a ƙasar nan, a nan Legas. Ban ji tambayarka ba a duk shekarun nan sai da zaɓen ƙungiya ya matso. Idan kuma gidan mari kake so a koma, ba a manta mutanen da 'yan sanda suka fito da su da sarƙa a ƙafa a Rigasa a 2019 ba. Masu sayarwa a bakin tashoshi kuwa kowa ya san su, har gaishe su ake yi.

Akwai zaman iyalai duk Asabar, kana iya zuwa. Za a karɓi wayarka a ƙofa kamar kowa, kuma ba a jawabi.

Wassalam.