Ba Don Manoma Kaɗai Aka Kulle Nodeep Kaur Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Na saurari shirinku na mata a ranar Lahadin da ta wuce, kuma raina ya ɓaci da yadda mai gabatarwa ta taƙaita labarin Nodeep Kaur a kan cewa budurwa ce 'yar addinin Sik da aka kama a zanga-zangar manoman Indiya. Gaskiya ne ta tsaya tare da manoman da suka yi sansani a Singhu, kan iyakar birnin Delhi, amma abin da ya sa aka kama ta a ranar 12 ga Janairun 2021 har aka kai ta kurkukun Karnal shi ne neman albashin leburorin masana'antun Kundli da ke jihar Haryana, waɗanda masu kamfanoni suka riƙe musu haƙƙinsu. Ita kanta lebura ce, 'yar talakawa daga Muktsar a jihar Punjab, kuma sai ranar 26 ga Fabrairu babbar kotu ta ba da belinta, bayan danginta sun yi ta kukan cewa an lakaɗa mata duka a hannun 'yan sanda. Duk wannan ba ku faɗa ba.

Abin ya taɓa ni ne domin na shekara huɗu ina ɗinkin buhu a wani kamfani a nan Kano. Akwai lokacin da muka yi wata uku ba a biya mu ko sisi ba, ina cin bashin garin masara a wurin maƙwabciyata, ɗana kuma yana zaune a gida saboda kuɗin makaranta. Ranar da muka taru a bakin ofishin manaja mu mata goma sha biyu, ni aka nuna da yatsa aka ce ni ce uwar tayar da fitina, washegari mai gadi ya hana ni shiga. Har yau ban karɓi kuɗin nan ba. Wanda ya cire maganar albashi daga labarin yarinyar nan ya cire dalilin da ya sa irina za su tsaya su saurara, kuma ina roƙon ku sake shirin ku gyara.

Sannan don Allah ku duba lokacin da kuka mayar da shirin, domin yanzu yana faɗawa daidai kiran sallar Magariba, lokacin da mace take tsakanin alwala da tukunya. Rabinsa kawai nake samu.

Taku mai sauraro,
daga unguwar Sharaɗa, Kano