Kabeji a faranti ko a kwalba?

Edita, barka da aiki.

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan ƙwayoyin "sinadarin burokoli" da ake ta tallatawa a intanet kamar su ne maganin kowace cuta. Burokoli dai ganye ne ɗan'uwan kabeji.

Zancen yana da tushe. A 1992 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka fitar da sinadarin sulforafen daga burokoli, wanda ke zaburar da jiki ya kawar da guba. Sai dai yawancin hujjar cewa yana yaƙar sankara daga ɗakin gwaji da ɓeraye ta fito. Ga ɗan Adam kuwa, da sauran rina a kaba.

Sinadarin ba ya samuwa sai an yanka ganyen ko an tauna shi, kuma zafi yana kashe abin da ke haɗa shi. Ni kan yanka kabeji siriri, in bar shi ya ɗan huta a faranti, sannan in turara shi sama-sama, ya fito da sauran garas-garas. Wanda aka tafasa har ya yi ligif, rabonsa ya bi ruwa.

Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin su tuntuɓi likita tukuna, domin waɗannan ganyayyaki suna da bitamin K, mai taimaka wa jini ya daskare.

Naka,
Mai karatu