Wasiƙa zuwa ga aminina kan haɗa zomaye maza biyu

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso gare ni, inda ka ce yara sun matsa maka sai da ka ƙaro wa zomonsu abokin zama, kuma wanda ka samo shi ma namiji ne. Ina roƙonka kada ka saka su a keji ɗaya tukuna, ko da ka ga sun yi lakwas.

Zomo namiji yana balaga tun yana da wata 3 zuwa 4, kuma daga lokacin yakan ɗauki makwancinsa tamkar gonar gado, ba ya yarda wani namiji ya taka masa. Idan maza biyu da ba a yi musu fiɗiya ba suka kaure, sukan kai wa juna cizo a fuska da kunne da maraina, raunin kuma yakan zama ƙurji mai wuyar warkewa, saboda mugunyar zomo tana da kauri. Don haka ka fara kai su wurin likitan dabbobi a yi wa kowannensu fiɗiya. Kada a hana su abinci kafin aikin, domin zomo ba ya amai, kuma tsayawar hanjinsa haɗari ce babba. Bayan nan ka jira kamar mako 6 kafin zafin kansu ya sauka.

A wannan tsakani, ka ajiye kejinsu kusa da juna, amma ka bar 'yar tazara yadda haƙori ba zai kai ta cikin raga ba, kana musanya musu shimfiɗa domin kowa ya saba da ƙanshin ɗan'uwansa.

Ranar haɗuwa ita ce ta fi buƙatar idonka. Ka zaɓi wurin da babu wanda ya taɓa zama a cikinsa, da sanyin safiya ko da yamma tunda zafi yana galabaitar da zomo, ka zuba harawa a tsakiya, ka bar su minti 10 kacal, sannan ka riƙa ƙara lokacin kullum. Idan ɗaya ya hau bayan ɗaya, neman girma yake yi, ka ƙyale shi na ɗan lokaci; amma idan ya hau ta wajen kai, ka janye shi nan take, domin na ƙasa zai iya cizonsa a al'aura. Kunnuwa a kwance, wutsiya a ɗage, da zagaye juna da sauri, duk alamun faɗa ne. Ka shiga tsakaninsu da kwali ko tawul, kada ka kuskura ka sa hannu tsirara, kuma yara su tsaya daga nesa.

Sai ka ga suna lasar kan juna, suna ci tare, suna kwanciya jiki da jiki kwanaki a jere, sannan ka wanke keji mai faɗi ka mayar da su tare, da mazubin ruwa biyu da maɓoya mai ƙofa biyu. Daga nan ko asibiti za ka kai ɗaya, ka tafi da su duka. Akwai mazan da ba sa jituwa ko an bi duk wannan. Idan naka suka zama haka, ka bar su a keji biyu suna hangen juna.

Ka gaishe min da uwargida da yara, kuma ka sanar da ni abin da likitan ya ce.

Wassalam,
Naka amini.